Gizo da Damman Dawa

Gatanan gatananku.

Ta zo mu ji ta.

Wata shekara damina ta yi gardama, yunwa ta shigo dawa. Zaki ya sa aka yi shela: kowa ya kawo dammansa ƙofar fada. Tulin da ya rabu kashi-kashi daidai wa daida ba saura, mai shi ya ɗauki kashi ɗaya, ragowar a zuba rumbun sarki. Wanda ya ƙi rabuwa sai dai a warwatsa shi ɗai-ɗai ko a bar shi ɗungurungum, mai shi ya kwashe abinsa. Aka ɗora Dila, malamin dawa, kan lissafi.

Da aka yanke gero, Kura ta zo tana huci da dami 12. Dila ya ce, "Kura, naki ai kowa na da hannu a ciki: 2 ta raba shi, 3 ta raba, 4 ta raba, 6 ma haka." Ya yi kashi 6, ta koma da dami 2 tana zage-zage.

Zomo ya kawo 2. Aka yi ta dariya, wai cika ce, ta rabu ta gama. Dila ya ce a raba a gani. Aka raba, sai ga ɗai-ɗai. Zomo ya saɓa abinsa. Duk cikin lambobin cika, ita kaɗai ke da wannan sa'a. Kunkuru kuwa dami 1 ya jawo. Dila ya sosa keya, ya ce gagara-rabo masu raba shi biyu ne, 1 da shi kansa, wannan kuwa ɗaya tak gare shi, ba ya cikin kowane ɓangare. Aka ce ya tafi, kada ya ɓata wa mutane lokaci.

Gizo ya zo da 13, ya faɗi ya yi gaisuwa: "Yanka ya daɗe, Sayki!" Aka gwada 2, saura 1. Aka gwada 3, saura 1. Ya kwashe.

Kura ta ce ta gano sirrin, mara ce. Da dawa ta nuna ta kawo 15, sai 3 da 5 suka yi mata kaca-kaca.

A gida kuwa Ƙoƙi, matar Gizo, ta ƙirga dawarsu, dami 97. Ta ce, "Maigida, na gwada 2, 3, 5 da 7, duk da saura. Ban kula 4 da 6 ba, don abin da suka raba 2 ta riga su. A 7 na tsaya, tunda 11 sau 11 ta kai 121. Da akwai babba mai raba shi, da ƙaramin abokinsa ya fito tuni. Kada ka taɓa ko ɗaya."

Amma Gizo Gizo ne. A hanya ya ji ƙamshin tsire, ya ba da dami 6. Ya duba 91, ya ga mara ce, 3 ta kasa, 5 ta kasa, ya ce shi ke nan.

A fada, Dila ya bi lambobin bi da bi har ya iso 7. Ya jera, ya jera, sai ga kashi 13 cif, kowanne dami 7. Kura ta faɗi ƙasa don dariya. Gizo ya ɗauki 7 nasa, ya tuna Ƙoƙi na jira da muciya, ya ajiye su a zaure ya haye rufin ɗaki.

Ƙurunƙus kan kusu.