Dillalan Gidaje: Rabe-Rabensu da Abin da Kowanne Yake Ci

Dillanci, wato shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa har ciniki ya faɗa, tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, wadda ta yi ƙarfin da kasuwanni suka san sarautar Sarkin Dillalai, kuma fatake suka tafi da ita duk zangon da suka sauka, kamar yadda masanin nan Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 kan cinikin shanu da goro a unguwar Sabo ta Ibadan. Ladan dillali shi ake kira la'ada, kuma a cinikin gida galibi kashi 5 ne cikin 100 na kuɗin da aka sallama. Sai dai cinikin gida ya sha bamban da na shanu, domin mai shanu yana zuwa kara duk mako har ya san dillalan ciki da waje, amma mai gida sau ɗaya ko biyu yake sayarwa a tsawon rayuwarsa, saboda haka yakan shiga kasuwar yana baƙo a gaban mutanen da suka kwana suka tashi a cikinta. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe waɗannan mutane ita ce duba abin da kowanne yake ci, domin kusan kowane jinsinsu yana rayuwa ne a kan wani rauni na mai gidan.

Jinsi na farko shi ne mai zuga, wanda abincinsa kwaɗayi ne. Tun daga bakin ƙofa yake fara salati, kuma kafin ya kai tsakar gida ya riga ya gano cewa gwamnati na dab da shimfiɗa kwalta a layin, cewa wani attajirin Kantin Kwari ya daɗe yana cigiyar gida mai irin wannan fuska, kuma cewa ginin da maƙwabci ya sayar da irinsa naira miliyan 20, alal misali, ba zai yi ƙasa da miliyan 35 ba. "Alhaji, idan ka sallama ƙasa da haka ai sadaka ka yi," in ji shi, yana shafa bangon da gishiri ya cinye. Burinsa a ranar bai wuce mai gida ya sallami sauran dillalai ya riƙe shi shi kaɗai ba. Bayan damina biyu gidan ya yi kwantai, wato ya daɗe a kasuwa ba mai tayi, sai jama'a su fara tambayar dalili, kuma da yake unguwa ba ta barin tambaya ba amsa, wasu za su ce rigimar gado ce, wasu su ce mutanen ɓoye ne suka riga kowa tarewa. A sannan mai zuga yake dawowa da fuskar ta'aziyya, ya bayyana cewa dala ta tashi, kasuwa ta mutu, ya ba da shawarar a sauko zuwa miliyan 18.

Kishiyarsa shi ne mai kushe, wanda yake cin gaggawa, kuma Allah ya hore masa hancin da ke jin ƙanshin bukata daga nesa, ko ta kuɗin asibiti ce, ko ta bashin da ya zo wuya, ko ta aurar da 'ya'ya mata biyu a wata guda. Shi ba ya yawan magana. Yakan ƙwanƙwasa bango da makullin babur ya saurara, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon silin, ya yi ɗan tsaki, sannan ya tambaya ko ruwa yana kwanciya a layin da damina, tambayar da gidaje kaɗan ne za su amsa ta da a'a da zuciya ɗaya. Idan filin awon igiya ne, wato irin wanda aka yanka daga gona ba tare da tsarin hukuma ba, zai ambaci rusau sau uku kafin ya fita. Daga nan sai ya kawo masu tayi a jere, kowanne ya taya ƙasa da na gabansa, har mai gida ya fara jin cewa tayin farko da ya ce wa albarka, wato ya ƙi sallamawa, shi ne arzikin da ya wuce shi. Malaman fiƙihu sun san ɗan'uwan wannan dabara da sunan najashi, wato mutum ya taya kaya ba da niyyar saye ba don a ruɗi wani ya ƙara, kuma hadisi ya hana shi. Abin da mai kushe ya yi kawai shi ne ya juya dabarar ta kalli ƙasa. Wata uku bayan ciniki, tsohon mai gida yakan wuce ta layin ya tarar an yi wa gidan fenti an mayar da shi kasuwa, kuma dillalin nan yana tsaye a ƙofa yana yi wa wani baƙo albishir da zuwan kwalta.

Na uku shi ne mai rara, wanda yake cin son rufin asiri. Da yake mutane da yawa suna ɗaukar sayar da gida alamar karayar arziki, mai gida yakan so a gama ciniki ba tare da maƙwabci ya ji ba, kuma wannan dillali yana tausaya masa ƙwarai a kan haka. "Ranka ya daɗe, faɗi abin da kake so ya shiga aljihunka, sauran wahalar ka bar mini," shi ne mabuɗin zancensa, kuma sauran wahalar ita ce rara, wato duk abin da ya hau kan kuɗin da mai gida ya ambata. Sana'arsa gaba ɗaya ta dogara ne ga hana mutum biyu haɗuwa, don haka duk ranar da mai saye ya nemi ganin mai gida sai a ce ya tafi Umara, duk ranar da mai gida ya nemi ganin mai saye sai a ce yana Legas. Ƙwararre a wannan jinsi yakan ci rarar, ya karɓi la'ada daga ɓangarorin biyu, kuma kowanne ya yi masa godiya. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, garin kuma ba shi da faɗin da dillalin yake zato, saboda haka mutanen biyu sukan haɗu a wurin ɗaurin aure ko jana'iza, ɗaya ya yi ƙorafin tsadar gidan da ya saya, ɗaya ya yi kukan arahar wanda ya sayar, kafin su gane gida ɗaya suke nufi.

Jinsi na huɗu ba mutum guda ba ne, runduna ce da ake kira 'yan kayi-nayi, wato masu karɓar labarin ciniki daga bakin wani su miƙa wa wani, kowanne ya ɗora nasa a kai. Ofishinsu benci ne a gindin dalbejiya kusa da mai shayi, jarinsu kuwa katin waya, kuma suna cin sakacin mai gidan da ya gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa gidansa na kasuwa. Kafin labarin ya isa kunnen mai saye na gaskiya ya ratsa bakuna shida ko bakwai, farashin ya kumbura, kuma ɗakuna huɗu sun zama shida. Ranar biyan kuɗi ce take bayyana yawansu, domin zaure yakan cika da fuskokin da mai gida bai taɓa gani ba: wanda ya nuna layin, wanda ya ba da lambar waya, wanda ya ɗauko mai saye a babur, da wanda hujjarsa ita ce yana wurin lokacin da aka fara maganar. Rabon la'adar yakan ɗauki lokaci fiye da cinikin, kuma sau da yawa a gaban mai unguwa ake ƙarasa shi.

Na biyar shi ne dillalin dangi, wanda abincinsa kunya ce, kuma galibi ƙanin mata ne, ko ɗan kawu, ko abokin sahun masallaci da bai taɓa sayar da ko kaza ba. "Haba Yaya, muna raye za a ba bare?" ita ce takardar neman aikinsa. Ba ya ambaton la'ada, domin a cewarsa tsakaninsu ya wuce haka, kuma wannan ne ya sa la'adarsa ba ta da iyaka, tana fitowa daga baya a siffar rancen sayen babur, da kuɗin makarantar yara, da gudummawar suna, har tsawon shekaru. Ba a iya yi masa faɗa, ba a iya sallamarsa, domin ranar da aka yi haka maganar ta tashi daga ciniki ta koma zumunci, uwargida kuma ta daina magana. Ya fi haɗari a gidan gado, inda fiƙihun Malikiyya ya tanadi shufu'a, wato haƙƙin wanda yake da tarayya a gidan da ba a raba ba ya karɓi kason da aka sayar wa bare a kan kuɗin da aka sayar, hukuncin da dillalin dangi ba ya tunawa da shi sai bayan an karɓi kafin alƙalami an kashe.

Sabon shiga a cikinsu shi ne dillalin waya, wanda yake cin imanin mai gida cewa duk abin da ya hau intanet ya sami kasuwa. Yakan fara ɗaukar bidiyo daga ƙofar gida, ya ratsa falo, ya leƙa kicin, ya ƙare a ɗakin uwargida da tulin wankin da ba a kwashe ba, yana ta maimaita cewa dama ce da ba ta zuwa sau biyu, sannan ya watsa a Facebook da TikTok da WhatsApp. Da yamma yakan kira ya yi albishir da dubban masu kallo, sai dai a cikinsu waɗanda suka fara gane gidan su ne surukai da masu bin bashi.

Akwai kuma dillalin ofis, mai allo a bakin titi da kwat da Turanci, wanda yake cin tsoron da mutane ke yi wa takarda. Tsoron yana da tushe, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna, ta yadda abin da mai gida yake riƙe da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma canja masa hannu yana bukatar amincewar gwamna, ta hanyar hukumomi irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna. Wasu 'yan wannan jinsi ƙwararru ne masu rajista da hukumar masu ƙiyasta darajar gidaje da filaye da aka kafa a 1975, kuma aikinsu yana tsare mutum daga shari'ar shekaru. Wasu kuwa allon ne kaɗai jarinsu. Dukkansu dai idan aka miƙa musu takardar cinikin da aka rubuta da hannu a gaban dagaci, wadda biyu daga shaidunta uku sun riga mu gidan gaskiya, sukan riƙe ta da yatsa biyu su yi ajiyar zuciya, kuma kowace ajiyar zuciya tana da kuɗinta, daga na fom zuwa na dubawa zuwa na lauya.

Ɗan damfara ba dillali ba ne, rigar dillalai kawai ya ara, kuma ana gane shi da neman asalin takardun gida don ya nuna wa wani mai saye da ba ya son a san shi. Irinsa ne ke sayar da gida ɗaya ga mutum uku, kuma saboda shi ne bangayen biranen Nijeriya suka cika da rubutun gargaɗi cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne. Maganinsa kwafi, asalin takarda kuwa ba ta barin hannun mai ita sai kuɗi sun shiga banki a gaban shaidu.

Jinsi na ƙarshe shi ne mai gaskiya, kuma shi ne mafi ƙarancin farin jini, domin ba shi da raunin da yake ci. Yakan faɗi abin da gidajen layin suka tashi a bana ko da bai yi wa mai gida daɗi ba, ya ambaci tsagewar bango ba tare da tsaki ba, kuma ya ɗauki aikinsa a matsayin abin da malamai ke kira ji'ala, wato ladan da ba ya wajaba sai aiki ya kammala, don haka ba ya neman kuɗin mai kafin ya motsa. Tambayoyi uku sun isa su fitar da shi daga cikin taro: nawa ce la'ada kuma wa zai biya ta, waɗanne gidaje ya sayar a unguwar kuma ina masu su, sannan ko zai zaunar da mai saye da mai sayarwa a tabarma ɗaya. Idan aka yi waɗannan tambayoyi mai zuga yakan ƙara miliyan biyu a kan farashi, mai kushe ya koma kallon silin, mai rara ya tuna yana da ɗaurin aure, 'yan kayi-nayi su ce sai sun tambayi wanda ya gaya musu, dillalin dangi kuma ya yi fushi ya kai ƙara wurin uwargida. Mai gaskiya yakan amsa duka ukun a taƙaice ya yi shiru, abin da ke sa mai gida ya yanke hukuncin cewa mutumin ba shi da zafin nema, ya raka shi bakin ƙofa da godiya, sannan ya koma ciki ya kira mai zuga.