Mabuɗin Asusun Kirifto

Asusun kirifto irin Trust Wallet ba shi da manajan da za a kai wa kuka. Mabuɗinsa kalmomi 12 ne, kuma duk wanda ya riƙe su, kuɗin nasa ne. Ana rubuta su a takarda bi da bi. Ba a ɗaukar hotonsu, domin wayar matashin Funtuwa takan wuni a shagon mai caji. Takardar ma tana da maƙiya: gara, yoyon damina, da yaro mai neman abin ƙunshe ƙosai. Shi ya sa mai hankali a Malumfashi kan rubuta biyu, ya raba musu makwanci. Asusun dandalin musaya ya fi sassauci, ana sabunta kalmar sirrinsa ta imel, muddin ba a manta ta imel ɗin ba.