Maigida Mai Sassa 36

Akwai wani maigida a unguwar Afirka wanda gidansa ya fi na kowa jama'a, sassa 36 ga turakarsa a tsakiya. Ranar 20 ga Nuwamba 1989 masu gidajen duniya suka hallara a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, suka yi ittifaƙi a kan haƙƙin yara: duk wanda bai kai shekara 18 ba a yi masa rajistar haihuwa, a ba shi ilimi, a duba lafiyarsa, kada a ɗora masa aikin da zai cuce shi. Gana ta riga kowa tabbatar da alkawarin. Maigidanmu ma bai yi sanya ba, ya sa hannu a 1990, ya tabbatar a 1991, ya dawo ana yi masa barka.

Takardar ta shekara 12 a adaka. Sai a 2003 ya ciro ta ya mai da ita dokar gida, amma bisa tsarin gidan, maganar yara sai kowane mai sashe ya karɓa da kansa. Wasu sassan arewa suka tsaya muhawara a kan shekarun aure da abin da addini ya tanada. Muhawarar tana da muhalli, sai dai ba ta hana a gina aji ko a sayo magani, kuma yaro ba ya fasa girma don manya suna zaman shawara. Sashen Kano bai sa hannu a tasa dokar ba sai 2023.

A 2004 maigida ya sake shelar cewa karatun shekara tara kyauta ne kuma dole. Duk da haka, hukumar UNICEF ta ƙiyasta cewa yaran gidan da ba sa zuwa makaranta sun haura miliyan 10. Je ka ƙofar baya da magariba ka gani. Yaro ɗan shekara bakwai, ƙafa duk faso, yana wanke wa mai abinci tukwane don a bar masa ƙanzo. Kusa da shi yarinya ce da farantin gyaɗa, tana tsoron komawa gida don ba ta sayar ba.

Alkawarin na 1989 ya ce duk shekara biyar a aika wa Majalisar rahoto a Janiba. Maigida yana zaure da magatakardansa suna tsara kalmomi, sai gwaggonsa ta dogaro sanda ta shigo.

"Sannu da fitowa, Gwaggo."

"Yauwa, ɗan nan. Jaririn da aka haifa shekarar da ka sa hannu ya haura talatin, bai iya rubuta sunansa ba. Jiya na ga ɗansa a tasha da kwanon bara. Ajiye alƙalamin nan ka tashi in kai ka wurinsa, ka tambaye shi me za ka rubuta wa mutanen Janiba."