Ɗabaƙoƙin Yara Masu Taimakon Marayu a Unguwannin Leburori

Tun daga shekarar 1911, lokacin da layin dogo ya iso Kano aka shiga jibge gyaɗa dala-dala ana aika ta bakin teku, ciniki ya yi ta bunƙasa har ya haifi masana'antu, waɗanda aka fara kakkafawa a Bompai tun Turawan mulki ba su naɗe kayansu ba; daga baya kuma, da arzikin man fetur ya buɗe, aka yanka filayen Sharada kashi uku, aka yanka na Challawa can wajen Panshekara, inda majemun zamani ke gyara fatun awaki da tumaki ana kai su Italiya da sauran ƙasashen Turai. Jiniyar kamfani ta kira mutane daga ƙauyuka na kusa da na nesa, suka zo suka kama haya a Dakata da Kawaji da Ja'en da Kumbotso, suka yi aure suka hayayyafa. Sai kuma zamani ya juya: tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, wanda ya karya darajar naira, zuwa ƙarancin wutar lantarki da kwararowar atamfar Sin mai arha, masaƙu da dama suka rufe ƙofa, ciyawa ta fito a harabarsu, har ta kai lebura yakan mutu bai bar wa iyalinsa komai ba sai katin shaidar aiki da bashin mai shago. Kaɗan daga cikin marayun birnin ne gwamnati ke riƙo a Gidan Marayu na Nassarawa. Mafi yawansu suna nan cikin lunguna, wajen kawu ko gwaggo, ko wajen mahaifiya mai suyar awara a ƙofar kamfanin da mijinta ya yi wa aiki.

Manya suna da ƙungiyoyinsu da kwamitocinsu, kuma an yi rubutu a kansu har ya isa. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne aikin yara, waɗanda da zarar Sha'aban ya raba tsakiya, malamin Islamiyya ya karantar da su falalar riƙon maraya, ya tuna musu cewa Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an haife shi bayan rasuwar mahaifinsa, ya kuma rasa mahaifiyarsa yana ɗan shekara shida, sai ka ga sun tashi da himmar da ta fi ƙarfin aljihunsu, suna shawarar yi wa marayun unguwa kayan Salla. Da yake malaman hadisi sun karkasa maruwaita ɗabaƙa-ɗabaƙa, sun bayyana amintacce da mai rauni, ya kyautu a yi wa waɗannan ƙananan bayin Allah irin wannan hidima.

Ɗabaƙa ta farko ita ce ta Ma'aji. Ba wanda ya naɗa shi, amma ko ta yaya aka yi asusu a hannunsa yake kwana. Yana da takarda da ya yago daga littafin lissafi, inda ya rubuta sunan wanda ya kawo naira ashirin daga kuɗin tara, da wanda ya kawo rabonsa na tashe, da wanda ya yi alkawari tun farkon wata yana ta kewaye-kewaye. Amanarsa ba ta da shakka, ko anini ba ya ci. Illarsa guda ce, wato waswasi, domin ba ya iya barci sai ya tabbatar kuɗin ba su ragu a cikin duhun asusun ba, hanyar tabbatarwa kuwa ita ce a fasa a ƙirga, sa'an nan a cire daga kuɗin marayu a sayi sabon asusu. Kafin a ga watan Salla, wanda ya fi kowa cin moriyar wannan baitulmali shi ne mai ginin tukwane.

Ta biyu ita ce ta Ƙaramin Mufti, ɗan shekara tara wanda ya kai rabin Ahalari, yana jin ba abin da ya rage masa sai rawani. Shi ba ya kawo kuɗi, mas'ala yake kawowa. Yakan ɗaga hannu ya ce, "Allah gafarta Malam, idan yaro ya roƙi Umma kuɗi ya ba maraya, ladan na Umma ne ko na yaron, ko kuwa raba musu za a yi? Idan rabawa ne, wa ke da kashi biyu?" Kafin Malam ya gama amsawa ya jefo wata, ko alawar da aka lasa sau ɗaya tak, bisa mantuwa, ta halatta a yi sadaka da ita. Tun ranar da ya ji hadisin da Bukhari ya ruwaito game da kusancin mai riƙon maraya da Manzon Allah a Aljanna, ba ya magana sai ya ɗaga yatsu biyu yana haɗa su, yana duban 'yan ajinsu duban wanda ya riga ya san makwabcinsa a can.

Ta uku ita ce ta Ɗan Aike Mai Ɗanɗane. Galibi mahaifinsa ma'aikaci ne a kamfanin biskit ko na alawa, yakan zo gida da karyayyun da ba su shiga kwali ba, yaron kuwa ya roƙa a ba marayu, ya kuma rantse shi zai kai da kansa. Niyyarsa lokacin fitowa daga gida tsarkakakkiya ce, sai dai tsakanin gidansu da gidan mamacin akwai lungu uku, kuma azuminsa irin na yara ne, wanda ake buɗewa da azahar. A lungun farko yakan ɗanɗana ɗaya don kada a ba marayu abin da ya lalace. A na biyu ya lura lissafin ya zama mara, ba zai rabu daidai ba, sai ya gyara. A na uku ya ga gyaran ya wuce kima, ya sake gyarawa. Ya yi sallama ya durƙusa ya ce, "Inna, ga shi in ji 'yan ajinmu, a raba wa su Auwalu." Matar ta dubi ledar, ta dubi garin biskit da ke gefen bakinsa, ta danne dariya ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Lalle hanyar da nisa."

Ta huɗu ita ce ta Karimi da Kayan Wani, wanda a wajen kyauta Hatim ɗan ƙabilar Ɗayyi ma sai ya sara masa, sai dai bai taɓa ba da abin da ya mallaka ba. Murfin tukunyar Umma, hular Yaya, tabarmar baƙi, duk sun bi hanya. Wani lebura na majemar Challawa, mai aikin dare, yakan tashi bayan isha'i yana neman takalminsa na roba, wanda in babu shi ba mai shiga cikin ruwan jima, ya duba ƙarƙashin gado ya duba bayan randa, sai yaron ya matso cikin natsuwa ya ce, "Baba, na kai wa yayan su Sani, shi ma ya samu aikin lebura. Ai Malam ya ce abin da mutum ya fi so shi ake bayarwa, na ga kuwa ba abin da kake so kamar takalmin nan, kullum sai ka wanke shi." Uban ya ɗaga hannu ya sauke, domin ba a dukan wanda ya zo da hujja, zuwa karɓo kyauta daga gidan marayu kuwa abin kunya ne da ba mai iya ɗauka, ƙarshenta sai ya tafi aro wajen makwabci yana ta istigfari.

Ta biyar ita ce ta Sanƙira, kuma ita ce mai rauni a cikin ɗabaƙoƙin nan. Idan ya ba da tsohuwar riga, kafin la'asar mai shayi da mai faci da mai gadin kamfani duk sun ji, ranar Salla kuwa yakan bi yaron da ya sa ta yana nuna wa jama'a aljihun da ya ɗinke da hannunsa. Har wayar Yayansa yake arowa don a ɗauki hoton miƙawa da karɓa. Amma bai kamata a tsananta masa ba, gama ba da wannan hali aka haife shi ba. Ya gani ne wajen manya masu neman kujera, waɗanda ba sa shiga gidan marayu sai da mai ɗaukar hoto a gaba, buhun shinkafa a baya, fuskarsu kuma a jikin buhun.

Ta shida ita ce ta Ƙaramar Uwa, yarinya 'yar shekara takwas wadda take goya jaririn da ƙafafunsa ke dukan bayan gwiwarta. Ita ba ta san kwamiti ba, aiki ta sani: ta tsefe kai, ta yi kitso, ta ƙunsa lalle daren Salla, ta hura wuta idan uwar marayun ta tafi ƙofar kamfani da kaskon awara. Tausayinta da faɗa yake tafe. "Buɗe bakinka, don Allah, ko in kira dodo! Kai ba ka ga yadda ka rame ba?" Yaron da ya faɗa hannunta yakan ƙoshi ko yana so ko ba ya so, kuma duk wanda ya zage shi a layi, ko da ya girme ta da shekara biyar, sai ta bi shi har zauren gidansu.

Ta bakwai ita ce ta Injiniya, wanda bolar bayan kamfanoni ce taskarsa. Daga gwangwanin madara da yankakkiyar robar silifa da guntun waya yake ƙera tirela mai taya goma, da tankar ruwa, da a-daidaita-sahu har da fenti. Daga ragowar fata da tsumma kuma ya ɗinka ƙwallo. Yana bayarwa kyauta da zuciya ɗaya, amma bisa sharuɗɗa masu yawa: kada a ja ta cikin kwata, kada a yi mata lodin da ya wuce dutse biyar, kuma duk yamma sai an kawo ta gareji ya duba. Maraya yakan samu mota, amma da wuya ya samu izinin tuƙi.

Akwai kuma wani yaro da ba ya cikin takardar Ma'aji, bai taɓa kawo ko sisi ba, kuma da za a tambaye shi wane taimako yake yi wa maraya, sai ya yi mamakin tambayar. Shi ne Abokin Faɗa. Da sassafe yana ƙofar gida yana kwaɗa wa Auwalu kira su tafi ƙwallo a filin masaƙar da aka rufe. Idan Auwalu ya zubar da ci ya zage shi kamar yadda zai zagi kowa, idan sun yi langa ya kayar da shi ba sassauci, idan ya sayi ƙuli-ƙuli su yi kokawa a kai, wanda ya fi ƙarfi ya ci babban rabo. Bai taɓa ce masa "Allah sarki" ba. A nawa ra'ayin wannan shi ne amintaccen ɗabaƙoƙin duka, domin maraya ya gaji da kallon da ake yi masa a gidan suna da gidan biki, kallon da ke tuna masa rashinsa ko da ya manta, kuma abin da ya fi bukata bayan ci da sutura shi ne wurin da za a ɗauke shi yaro kamar sauran yara, a yi wasa da shi, a yi faɗa, a shirya kafin magariba.

Saboda haka shawarar da za a ba malaman Islamiyya da iyaye a waɗannan unguwanni ita ce, idan an tara abin da aka tara, a sayi yadi iri ɗaya a ɗinka wa ajin gaba ɗaya, mai uba ya biya nasa ya ƙara da wani abu, marar uba a biya masa a asirce, yadda ranar Idi baƙo ba zai iya nuna wanda aka yi wa sadaka ba. A bar wa Ƙaramar Uwa kitso, a bar wa Injiniya motoci, a ba Mufti aikin addu'a. Amma asusu a sayi na ƙarfe mai kwaɗo, mabuɗin ya zauna wajen Malam, biskit kuwa a aika da shi ta hannun mai cikakken azumi.