Bindigar Aljihun Falmaran

Wai a Amurka akwai masu tara ƙananan bindigogin zamanin da, kamar yadda tsohuwa ke jera kwanon samira. Abar alfaharinsu ita ce wadda John Browning ya zana, kamfanin FN na Beljiyam ya fara sayarwa wajen 1906. Harsashi shida take ci. Tafin hannu ya rufe ta ruf. An yi ta ne don aljihun falmaran.

Na yi ta tunanin ranar da za a kawo wannan baiwar Allah Katsina.

Matsala ta farko aljihu. Mai babbar riga ya jefa ta ciki, to sai wani ikon Allah. Kafin ya lalubo ta sai ya fito da goro, carbi, asuwaki da rasit ɗin bara. Abokin faɗan ya gaji da jira, har sun gaisa, an tambayi iyali.

Ta biyu ita ce ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro. Nan 'yan bindiga ke ɗura albarushi a adaka, su saki, ƙasa ta girgiza, hayaƙi ya turnuƙe, jarirai su amsa. Sai ga mutumin Amurka da tasa. Ƙyas! Dokin da ke gefe ko kunne ba zai kaɗa ba. Wata mai ƙosai ta waiwayo ta ce a miƙo mata ashanar.

Kada dai a ce Katsinawa sun raina ƙaramin makami. Takobin sarautar garin nan, tun na Sarki Korau, sunansa Gajere. Shi dai ba a taɓa neman sa cikin goro ba.