Gyaran Gangar Auzinawa: Zuwa Ga Taubashina Na Gaya

Taubashi, barka da arziki. Labarinka ya riga ka zuwa Ajingi, a bakin masu dawowa daga kasuwar Wudil ranar Juma'a. An ce da tsani ka hau cikin silin ɗakin Gwaggo neman inda ruwa ke yoyo, amma ba da tsani ka sauko ba. Katako aka ce ka taka, kai kuma ka taka kwali, sai ga ka tsulum a kan gadon tsohuwa tana tsakiyar lazimi, kai da guduma da rabin buhun kashin jemage. Da na tabbatar ƙafarka ba ta karye ba na yi hamdala, sannan na nemi wuri na zauna na yi dariya, har sai da uwargida ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne asalinka. Ku mutanen Gaya ba kwa barin kowa ya sha ruwa da tarihi. Da an zauna sai ku ɗauko labarin maƙerin nan mai suna Kano, wanda aka ce daga garinku ya tashi neman tama har ya yada zango a gindin Dala, birni ya ci sunansa, Abagayawa kuma suka zama zuriyarsa. In aka yi shiru ku ƙara da cewa Kabiru Gaya, da ya yi gwamnan Kano daga 1992 zuwa 1993, zanen gine-gine ya karanta. Duk mun yarda. To, an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma kai ko rarrafen ba ka kai ba. Jikan masu narka dutse su fitar da ƙarfe, ƙusa 'yar inci uku ta gagare ka: uku ka lanƙwasa, ta huɗu ka buga a babban yatsanka. Ni dai na daɗe ina faɗa, garin da sunansa tuwo ne babu miya, a yi hattara da alfaharinsa.

Bari mu bi ta'asar daki-daki, don na je na gani da idona ranar da na zo duba Gwaggo.

Mu fara da rufi. Iskar farkon damina ta ɗaga falle biyu na kwanon ɗakin tsohuwa. Kafinta ya faɗi kuɗinsa, ka ce wai wannan zalunci ne, aikin minti goma. Ka hau ka jera ƙusoshi a cikin kwarin kwano, can inda ya lotsa, don nan ne guduma ta fi samun wurin zama. Taubashi, kwarin nan hanyar ruwa ce. Duk yaron kafinta da ya yi wata guda yana miƙa wa maigidansa zarto ya san a kan tudun kwano ake buga ƙusa, mai hula, don ruwa ya gangara ta gefe ya bar hujin a bushe. Kai kuwa ka tare ruwa a hanyarsa ka buɗe masa ƙofa goma sha biyu. A da, ɗigo ɗaya Gwaggo ke tarewa da kwano. Yanzu har tukunyar tuwo da bahon wanki an shigo da su aiki. Da ka ga haka sai ka narko kwalta ka shafa a kan jiƙaƙƙen kwano mai tsatsa, ba gogewa, ba jiran ya bushe. Rana ɗaya ta buɗe, kwalta ta ɓamɓare kamar ƙanzo.

Sai katangar zaure. Ginin ƙasa ne tun na mahaifinka, ka ce ka gaji da yaɓe kowace shekara, za ka yi mata rigar siminti a huta. Ka sayo buhu huɗu, a zamanin da kowa ya san yadda siminti ya yi tashin gwauron zabo, tun farkon 2024 da buhu ya haura naira dubu goma. Ka kwaɓa da ƙasar tsakar gida mai tattare da kashin awaki maimakon yashi mai tsabta, ka shafa da tsakar rana, ka wanke hannu ka tafi majalisa kana baza riga. Ba wanda ya gaya maka siminti ruwa yake sha kafin ya yi ƙarfi, a yi kamar mako ana yayyafa masa safe da yamma. Ba kuma wanda ya gaya maka siminti da ƙasa auren dole ne. Ƙasa tana shan danshi ta kumbura, ta bushe ta koma. Siminti kuwa ba ya tanƙwaruwa. Da ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, sai ya zauna yana cin bango ta ciki, waje kuwa fes kamar ango. Na ƙwanƙwasa katangar nan da bayan yatsa, ta amsa mini kamar ganga. Wata biyu ba a yi ba, rigar ta zame gaba ɗaya, ta tafi da naman bangon, ta kuma danne kaji biyu na amaryarka.

Kada ka ce ina hana mutum gyara gidansa da hannunsa. Ni da kai a gaban mutum ɗaya muka yi wayo. Ka tuna Kaka, Allah ya jiƙansa, a gidanmu na Ajingi? Bai taɓa biyan kowa kuɗin yaɓe ba. Da an kai amfanin gona rumbu, sai ya sa a ɗebo jar ƙasa, a zuba ruwa, a watsa ciyawa, mu yara mu shiga mu tattake har gwiwa. Ba a ranar yake taɓa ta ba. Yakan bar ta kwanaki tana ruɓa, yana zuwa ya ɗebi kaɗan ya murza tsakanin yatsu, ya sansana, ya girgiza kai ya ce da saura. Ran da ta yi, zai zagaya gida yana bubbuga bango da sandarsa yana kasa kunne, duk inda ya ji rami ya kankare sai ya tarar da ƙasa mai rai, ya yayyafa ruwa, sannan ya ɗora sabuwa. Kafin ruwan farko, sai ya hau soro ya share bakin kowane indararo, ya bi tsaga ya cike. Ɓawon ɗorawa da muke zubarwa, shi tarawa yake a jiƙa a yi makuba, a shafe bango da daɓe don ruwa ya zame. Magina na birni ma abin da ke kusa da su suke haɗa laso da shi: katsi daga marina, gashin jima daga majema, da dafara daga daji.

Amma ka tuna shekarar da azarar shigifa ta fara lotsawa? Kaka bai ɗauko tsani ba. Goro ya saya ya aika a kira magini, ya shimfiɗa masa tabarma, ya tsaya a gefe yana miƙa tubali kamar almajiri. Mutumin da ya san ƙasa kamar tafin hannunsa, ya san kuma inda hannunsa ya tsaya. Ko Sarkin Zazzau da zai gina masallacin Juma'a na Zariya ai Babban Gwani Muhammadu Durugu ya nema, ga bakan gizonsa nan har yau ana zuwa kallo. Kai kuwa ba ka gaji sanin ƙasar ba, ba ka gaji sanin iyakar ba, tsanin kawai ka gada.

Malaminka yanzu waya ce. Ka kwanta a kan tabarma ka kalli wani Bature a YouTube yana gyara gidansa cikin minti biyar, ka miƙe kana jin kai birkila ne, kafinta ne, falamba ne, mai wayarin ne, duk a jiki ɗaya. Ba ka lura gidansa na katako ne da allo ba, naka rabi tubali rabi bulo. Ba ka ga na'urorin da ke rataye a bayansa ba, kai da kayan aikinka guduma mai girgiɗi da wuƙar yankan albasa. Ba ka kuma san an yanke wurin da ya yi kuskure ba.

Daga nan ne ka samo ilimin famfo. Kan famfo na ɗiga, abin da 'yar robar ciki ta naira kaɗan za ta warkar. Ka ɗauko sifana ka murɗe ba tare da ka rufe ruwan tanki ba, ka ƙara ƙarfi har bututun roba ya tsage a cikin bango. Tankin da aka sha wahalar cikawa ya ƙare a tsakar gida, agwagin maƙwabta suka zo taya murna. Ka ɗaure tsagar da robar tayar keke, ka ce wa iyali an gama. Sai sola. Ka kafa farantin a ƙarƙashin darbejiya wai kada rana ta lalata shi. Taubashi, farantin hasken rana kake ɓoyewa daga rana! A ƙasarmu kudu ake ɗan karkata shi, a fili, a riƙa goge masa ƙurar hunturu. Ka bar shi a inuwa da kashin tsuntsaye, batir ya mutu, ka bi gari kana cewa jabun kaya aka sayar maka.

Wuri biyu ne dariyata ke tsayawa, ka buɗe kunne. Na farko wutar lantarki. An ce ka haɗa wayar fanka da siririyar wayar rediyo, ka naɗe da ledar burodi, kana aiki kana cewa ai an ɗauke wuta. Wadda aka ɗauke ba ta sallama in za ta dawo. Wutarmu bolt 230 ce, ta Baturen Amurka da kake kwaikwayo 120, kuma siririyar waya in ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta zafi take yi a cikin silin, inda busasshen katako ke jira. Wuta ba ta san wasan taubashi ba. Na biyu rariya. Na ga ka toshe ta bayan gida da siminti wai ɓeraye ke shigowa. Mu a Ajingi ba a yi mana wa'azin ruwa. Daminar 2022 ta rusa mana gidaje masu yawa, har aka rasa rai. Wanda ya ga wannan ya san ginin ƙasa ba daga sama yake mutuwa ba, daga ƙafa ne. Ruwa ya kwanta a gindin bango kwana biyu cikin markar Agusta, ƙasa ta jiƙe ta saki, sai a ji rugugi cikin dare, mutane na barci a ƙarƙashi. Ka fasa simintin nan yau, ka sa ragar waya a bakin rariyar, ka tara ƙasa a gindin katanga ta gangara waje. Wannan ba zolaya ba ce, Gwaggo ce ke kwana a ɗakin.

To mu koma lissafi, tunda don tsimi ka fara. Sau uku ka shiga mota zuwa Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, don kowane zuwa sai ka dawo da abin da bai yi daidai ba. Ga buhu huɗu da suka bi ruwa, ga silin sabo, ga batir, ga kaji biyu, ga kuɗin mai ɗori da ya duba ƙugunka. Bayan duk wannan ka aika a kira kafintan nan dai na farko. An ce da ya ɗaga kai ya ga rufin sai ya cire hula ya yi salati, ya tambaya wane maƙiyi ne ya yi wa gidan nan haka. Kai kuma ka ce wani yaro ne. Kuɗinsa ya ninka, don yanzu aiki biyu ne: ya kwance naka, ya yi nasa. Garin neman gira ka rasa ido.

Na san kana can kana wasa wuƙa, don haka bari in riga ka. Laifi tudu ne. Gaskiya ne, ƙyauren ɗakina ya cije bara da damina, na cire shi na yanke ƙasansa da zarto, yatsa uku. Ban san danshi ne ya kumbura katakon ba. Da hunturu ya busa, itace ya koma yadda yake, yanzu 'yan tsaki na shiga ta ƙasa ba sallama, sanyin asuba na biye da su. Amma ka lura da bambanci: ni ƙyaure ɗaya na ɓata na tuba, kai kuwa gida guda ka sa a gaba, har na ji kana hararar rijiya.

Ga shawara kyauta, duk da kai ba ka saba karɓar abin arziki daga Ajingi ba tare da gardama ba. Share indararo, fenti bayan bango ya bushe, shafa baƙin mai a katako don gara, canja robar famfo, cike ƙananan tsagogi kafin ƙadangare ya samu wurin shiga, duk naka ne, ka yi abinka. Abin da ke ɗauke da nauyin ɗaki, da abin da ke ɗauke da wuta, da ramin masai, ka bar wa masu shi, ka tsaya a gefe kana miƙa kaya kana kallon hannunsu. Haka Kaka ya koya, ba a kwance ba.

In Allah ya kai mu kaka, bayan an yanke gero, zan kira gayyar yaɓen tsohon gidanmu, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka zo. Na riga na zaɓa maka aikin da ya dace da gwanintarka: tattaka ƙasa, inda ko ka faɗi ba nisa. Ka taho da kuɗin sharar da kake ta musun ni ke binka, mu ƙare wannan shari'a a gaban Gwaggo. Guduma kuwa ka bar ta a Gaya. Na faɗa wa yara, duk wanda ya hango ka da tsani ya yi kururuwa.

Ka gai da Gwaggo, ka ce ina tafe mata da sabuwar tukunya, tunda tata tana bakin aiki.