Madalla da Masu Tsare Martabar Kimiyya

Dole a yi wa masu riƙe da akalar harkar noma a ƙasar nan jinjina, domin ban san inda ake girmama kimiyya kamar wajenmu ba. Wasu ƙasashe marasa kunya sukan ja ta cikin gona, rana ta dake ta, taɓo ya ɓata mata riga. Mu kuwa mun san darajarta. Mun mayar da ita kwanon jeren amarya, a goge shi, a nuna wa baƙi, amma ba a zuba miya a ciki.

A duba wake kawai. Duk duniya babu ƙasar da ta kai Nijeriya noma shi, sai Nijar ke biye mata. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, kuma cibiyar ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Masanan da ke can ba su iya zama lafiya ba. Sun yi ta fama har a 2019 aka fitar da irin SAMPEA 20-T, wanda ke jure tsutsar nan mai cin furen wake da kwansonsa, ta yadda mai feshi shida ko takwas a damina zai iya tsayawa a biyu. Kai, wannan ai ganganci ne. Da an bari irin ya wadata a kowace kasuwar ƙauye, ina masu shagon maganin feshi za su sa kansu? Alhamdu lillahi, har yau manomi da yawa tsabar bara yake ɗebowa daga rumbu ya shuka, ya kuma goya tankin feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, yana shaƙa yana godiya.

Sai malamin gona. Dattawa na tuna lokacin da aka kafa shirin raya noma a Funtua, Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970 da kuɗin Bankin Duniya, malami ya hau babur ya iske mutum a bakin kunya, ya tsuguna ya juya ganye ya ce ga abin da ke cin gonarka. Wannan wahalar an ɗauke masa ita. Tun da kuɗin bankin ya ƙare aka hutar da shi, babur ba mai, wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa. An gano cewa ilimin noma ya fi kama ƙasa a ɗakin taro na otal, inda akwai sanyin na'ura, da jaka mai tambari, da alawus ɗin zama. A nan ake ceto ƙaramin manomi sau da dama a shekara, kuma saboda tausayi ba a ɗora masa nauyin halarta.

Amma inda hazaƙarmu ta fi fitowa shi ne wajen ajiya. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da takwarorinsu na Afirka ciki har da na Maraɗi, sun yaɗa wani buhu mai ninki uku tun 2007: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. A zuba wake, a matse iska, a ɗaure kowane baki daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye sauran iskar da ta rage, su mutu, ba ɗigon magani. Abin ya yi sauƙi da yawa, babu kwangila a cikinsa, babu bikin yanke kyalle. Shi ya sa aka bar kowa da dabararsa, mai fiya-fiya ya yayyafa, mai ƙwaya ya jefa a buhu, a kai kasuwa wake fes, ko huda ɗaya babu. Ƙwaro ma ya san abin da ya gani ya gudu. Mu ne dai masu ƙarfin hali, mu yi ƙosai da alale da garau-garau.

Turawa, da yake cikinsu ba ƙwari, sun kasa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu, wai ta sami sinadarin fiya-fiya ya zarce miligiram 0.01 a kowane kilo da dokarsu ta yarda da shi, a wasu buhunan ma ya ninka haka sau ɗaruruwa. Aka yi ta tsawaita haramcin. Ina asara a nan? Abin da suka ƙi ya dawo gida, yaranmu sun ci sun ƙoshi.

Masu hassada kan tuna mana da alƙawarin Maputo na 2003, inda shugabannin Afirka suka sa hannu cewa za su ware wa noma kashi goma cikin ɗari na kasafin kuɗi. Sa hannun dai an yi, har an sabunta shi a Malabo a 2014, da alƙalami mai kyau. Kason noma a kasafin tarayya kuwa yana nan yana kai-kawo kusa da kashi biyu, kuma daga ciki ne za a sayi motocin zagayen duba aiki.